Bernard Fagg (1915-1987): Baturen da ya Saurari Duwatsun Birnin Kudu

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil ya nufi kudu maso gabas, in ya doshi Birnin Kudu zai ga ƙasa ta soma sāke kama. Shimfiɗaɗɗen filin nan na ƙasar Kano yakan kau, sai ga manyan duwatsu sun hau bisa juna kamar da hannu aka ɗora su. Irin waɗannan duwatsu suna nan a warwatse a kudancin Jihar Jigawa, har zuwa Gwaram da ƙasar Shira. Mutanen Birnin Kudu da na ƙauyukan gundumar, irin su Unguwar Ya, sun tashi sun tarar da su, sun kuma san sunan kowanne: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. A ƙarƙashin waɗansu daga cikinsu akwai kogo, a jikin kogon kuwa akwai zanen shanu wanda ya riga kakannin kakanni. A nan ne, cikin watan Yuni na 1955, wani ma'aikacin Gwamnatin mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg ya lura da waɗansu ƙananan ramuka masu santsi a gefen wani falalen dutse, ya ɗauki ɗan dutse ya buga a wurin, dutsen ya amsa da ƙara irin ta kuge.

Sunan wannan mutum ya fi tafiya tare da sunan Nok da gidan kayan tarihi na Jos. Amma rayuwarsa tana da wani sashe da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafi yadda masu binciken kufai suke gano abin da ƙasa ta rufe. Ya fara aiki a zamanin da ba a samun kayan tarihi sai in shebur ɗin lebura ya ci karo da su, bai kuwa bar fagen ba sai da ya ga an kawo na'urar da ke nuna abin da ke binne tun ba a sari ƙasa ba.

Asalinsa da zuwansa Nijeriya

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg ran 8 ga Disamba 1915 a unguwar Upper Norwood ta birnin Landan. Mahaifinsa mai sayar da tsofaffin littattafai ne, saboda haka gidan da ya tashi a ciki gida ne da ake daraja abin da ya tsufa. Wansa, William Fagg, wanda aka haifa a 1914, shi ma ya shahara daga baya a babban gidan kayan tarihi na Landan a matsayin masanin sassaƙe-sassaƙen Afirka, musamman na Yarabawa da na Binin. Bernard ya yi makarantar Dulwich, sa'an nan ya shiga Jami'ar Kambirij, inda ya karanta harsuna da adabin Girkawa da Rumawa, ya haɗa da ilmin binciken kufai da na al'adun ɗan'adam.

A 1939 ya shiga aikin mulki, aka turo shi Nijeriya ta Arewa, aka ajiye shi a Jos. Bai daɗe ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi zuwa gabashin Afirka tare da sojojin Afirka ta Yamma. A Kenya ya sadu da Louis Leakey, mashahurin mai binciken asalin ɗan'adam, a can kuma ya auri Catherine Davidson a 1942, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen ransa. Da ya komo Jos sai ya ci gaba da aikin ofis, amma duk hutun da ya samu a daji yake ƙarar da shi. A 1944 shi da matarsa suka tona wani kogo a Rop, kusa da Barikin Ladi, suka sami ƙananan makaman dutse da fasassun tukwane. Wannan yana cikin tonon farko da aka yi a ƙasar nan bisa ƙa'idar ilmi, watau a riƙa sauka sannu a hankali, ana rubuta zurfin da aka sami kowane abu.

Kan Jama'a da sunan Nok

A wancan zamani haƙar kuza ita ce rayuwar Jos. Dubban leburori, Hausawa da sauran kabilu, suna yini cikin rami suna wanke yashi, kuma a cikin yashin sukan tsinci gatura na dutse da gutsattsarin tukwane. Tun a 1928 an tsinci wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wata mahaƙa kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, wani Bature mai suna Kanar Dent Young ya kai shi Jos aka ajiye a ɗakin Ma'aikatar Ma'adinai. Ya yi shekara goma sha biyar a can ba wanda ya san abin da za a ce game da shi.

Wajen 1943 sai aka tono wani kai a mahaƙar kuza ta kusa da Jama'a. Wani malamin mahaƙar ya tafi da shi gida ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi, ya shekara guda yana korar tsuntsaye, kafin manajan wurin ya gan shi ya kawo shi Jos. Da Fagg ya duba shi sai ya tuna da na ɗakin Ma'adinai. Ya ajiye su kusa da juna, ya ga ido iri ɗaya ne, mai kusurwa uku da huda a tsakiya, haka nan hanci da baki da kunne duk an huda su, yumɓun kuma mai tsakuwa ne. Wuraren biyu suna da 'yar tazara, amma hannun da ya gina su makaranta ɗaya ya yi. A 1945 ya buga ɗan taƙaitaccen bayani a mujallar Africa, daga nan kuma sunan al'adar Nok ya shiga littattafai.

Abin da ya yi bayan haka ya fi wannan wuya. Ya bi mahaƙai ɗaya bayan ɗaya yana magana da manajoji da helumomi da leburori, yana roƙonsu duk wanda ya ga irin wannan abu kada ya fasa, kada ya yar. Da yawa daga cikin masu haƙar suna ɗaukar irin waɗannan kawuna a matsayin gumaka ko abin da zai jawo tsiya, saboda haka fasawa ta fi musu sauƙi. Ta wannan hanya aka tara ɗaruruwan gutsattsari. Ya kamata a lura cewa littattafan tarihi sun riƙe sunan Kanar da na manaja, amma leburorin da suka tsinto kayan da hannunsu, da malamin nan mai gonar doya, ba a damu da rubuta sunayensu ba. Haka al'adar zamanin take, Fagg kuma ɗan zamaninsa ne.

Akwai wata babbar illa a kayan da aka samu ta wannan hanya. Kuza a cikin tsohon yashin rafi take kwanciya, abin da ke cikin yashin rafi kuwa ruwa ne ya kwaso shi daga wani wuri ya zubar. Kai na yumɓu da gatarin dutse da guntun ƙarfe suna iya kwanciya wuri ɗaya alhali shekaru dubu ne tsakaninsu. Mai binciken kufai ba abin da yake nema kamar ya sami kaya a inda masu shi suka bar shi. Wannan buri Fagg ya yi kusan shekara ashirin yana ɗauke da shi.

A 1947 ya bar aikin mulki ya koma sabuwar Ma'aikatar Kayan Tarihi, ya zama mataimakin Kenneth Murray wanda ya kafa ta a 1943. Shi ya tsaya a kan ginin gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a watan Afrilu na 1952. A 1953 aka yi dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba tare da izini ba, a shekarar kuma ya yi aikin tono a Ile-Ife.

Birnin Kudu

A lokacin da Fagg ya je Birnin Kudu garin yana cikin Lardin Kano ne, domin Jihar Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Zane-zanen kogo ne suka kai shi. Galibinsu shanu ne, waɗansu an cike su da jan launi, waɗansu farare da jan layi a gefe, waɗansu kuwa layin kawai aka ja. Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai kallo shi ne shanun ba su da tozo. Akwai masu dogayen ƙahoni, akwai kuma gajeru masu kama da muturu. Bahaushen yau in aka ce saniya, mai tozo yake gani a ransa, irin farfaru da bokoloji da rahaji na Fulani. Amma shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma da nisa, saboda haka zanen yana nuna wani zamani da garken wannan yanki ya sha bamban da na yanzu. Dogayen nan marasa tozo sun ɓace daga ƙasar Hausa, muturu kuwa sai can kudu da waɗansu lungunan duwatsu.

Yana cikin wannan aiki ne ya ga ramukan da aka ambata da farko. Irin dutsen wurin yakan ɓare falle-falle saboda zafin rana da sanyin dare na dubban shekaru. In fallen ya zauna a kan wani dutse ta yadda mafi yawan jikinsa bai taɓa kome ba, to in aka buge shi sai ya yi amo kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Ramukan kuwa sawun bugu ne, wurin da hannaye suka yi ta dukan dutse shekara da shekaru har ya lotsa ya yi sulɓi. Dutsen irin wannan yana da tauri ƙwarai, saboda haka kafin rami ya faɗa a jikinsa an daɗe ana bugu.

A nan ma kalmar ganowa tana bukatar a yi mata linzami. Yaran garin da makiyaya sun san duwatsun suna ƙara, kuma an rubuta cewa Dutsen Murufu yana da alaƙa da al'adun aure na garin, inda amare kan je gab da biki. Abin da Fagg ya ƙara shi ne ya gane cewa wannan kayan kiɗa ne na tun da, ya lura cewa sau da yawa yana maƙwabtaka da zanen kogo, ya kuma kai maganar gaban masana. A watan Yuli na 1955 aka yi babban taron masana tarihin Afirka na kafin rubutu, karo na uku, a garin Livingstone na ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, kuma a cikin kundin taron akwai maƙalarsa kan zanen kogo da duwatsun kiɗa na Birnin Kudu. A 1956 ya sake buga bayani a mujallar Man ta Landan. Kafin a jima rahotanni suka yi ta zuwa: an sami irinsu a kan tudun Jos da ƙasar Shira, an samu a Uganda da Sudan, har a Faransa da Wales ta Birtaniya. Duk mai nazarin kiɗan gargajiya da ya bi sawun wannan fanni a littattafan duniya, zai tarar Birnin Kudu ne mafarinsa. Daga baya Gwamnati ta sa waɗannan duwatsu cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare.

Ga ɗalibin Hausa akwai abin tunani a nan. Harshen Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kalangu da kotso suke iya yin magana, mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Dutsen da ke ba da murya biyu ko uku yana da abin da ake bukata domin irin wannan aiki. Ko waɗanda suka lotsa duwatsun Birnin Kudu da bugu sun yi magana da su, wannan tambaya ce da ta cancanci wani ya zauna da tsofaffin yankin da na'urar ɗaukar murya, tun suna nan.

Taruga da na'urar maganaɗisu

A 1957 Murray ya yi ritaya, Fagg ya zama shugaban Ma'aikatar Kayan Tarihi ta Nijeriya, ya riƙe ta har bayan samun mulkin kai. A zamaninsa ne Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya soma auna gidaje da masallatai da fadoji na gargajiya, aikin da ya adana siffar gine-ginen Hausa masu yawa waɗanda yanzu sun rushe.

A farkon shekarun 1960 burinsa ya cika. An sami gutsattsarin mutum-mutumin Nok a wani wuri da ake kira Taruga, cikin yankin Abuja, a kan tudu inda ruwa bai kwaso su daga ko'ina ba. Tonon gwaji ya nuna akwai kashin maƙera da gawayi tare da su. To, amma fili ne mai faɗi wanda ciyawa ta rufe, ba kuwa mai kuɗi ko lokacin da zai tone shi duka.

Tun kafin wannan lokaci masana a Turai sun san amfanin duban ƙasa daga nesa. O. G. S. Crawford na Ingila ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga jirgin sama yana bayyana tsofaffin ganuwoyi da ramuka ta hanyar inuwa da bambancin tsiron amfanin gona, littafinsa kan wannan kuwa ya fito a 1928, shekarar da aka tsinci kan farko a Nok. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai a ƙasar Hausa, inda ganuwar tsohon birni kan fito sarai a hoto ko da ta zama tudun gona. Sai dai ba ta ganin zanen da ke ƙarƙashin kogo, ba ta kuma ganin murhun da ƙasa ta binne a cikin kurmi. Taruga wani abu dabam yake bukata.

A 1963 aka zaɓi Fagg ya shugabanci gidan kayan tarihi na Pitt Rivers a Jami'ar Okusfod, ya koma Ingila. Wannan ƙaura, maimakon ta raba shi da Taruga, sai ta kai shi ƙofar maganin matsalar. A Okusfod akwai wani ɗakin bincike da aka kafa domin haɗa kimiyya da binciken kufai, inda Martin Aitken ya fara amfani da wata na'ura mai auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa a 1958, ya gano tsofaffin wuraren gasa tukwane na Rumawa a Water Newton.

Ga yadda abin yake. Duniya kanta babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take fuskantar arewa. A cikin yumɓu akwai ƙananan ƙwayoyin tama, kowace tana fuskantar inda ta ga dama, saboda haka ƙarfinsu yana kashe juna. In aka gasa yumɓun da wuta mai tsanani, wajen digiri 600 zuwa 700, sai ƙwayoyin su saki, in ya huce kuma su daskare suna fuskantar waje ɗaya, watau inda maganaɗisun duniya ya nuna. Daga ranar nan murhun ya zama ɗan maganaɗisu mai rauni, zai kuwa zauna haka ko da shekara dubu nawa. Ita na'urar kwalba ce mai ruwa a ciki, an naɗe ta da waya. In aka saki lantarki cikin wayar sa'an nan aka yanke, ƙwayoyin da ake kira firoton a cikin ruwan sukan yi ta juyi kamar katantanwar yara, saurin juyin nasu kuwa gwargwadon ƙarfin maganaɗisun wurin ne. Sai a ja igiyoyi a raba fili gida-gida, mutum ya riƙa tafiya da kwalbar yana tsayawa a kowane gida, wani yana rubuta lambar da ta fito. Inda lamba ta kauce daga na maƙwabtanta, a nan ake sa alama.

Fagg ya komo Taruga a tsakiyar shekarun 1960 da wannan na'ura, tare da wani matashin masanin kimiyya, Michael Tite. A nan suka gamu da abin da littafin Ingila bai tanada ba. A Ingila layukan maganaɗisun duniya a tsaye suke shiga ƙasa, ko kusa da haka, saboda haka lamba takan hau a daidai kan murhu. Nijeriya kuwa tana kan ikwaitar maganaɗisu, inda layukan suke kwance, a nan sai lambar ta sauka a kan abin da aka binne. Wanda ya karanta lambobin Taruga da idon Ingila zai tona inda ba kome. Tite ya warware wannan ya buga sakamakonsa a mujallar Archaeometry a 1966. Da aka bi alamomin aka tona, sai ga murahun narka tama har goma sha uku, ga bututun zuga-zugi na yumɓu, ga kashin maƙera, ga kuma gutsattsarin mutum-mutumi a gefensu.

Gawayin da aka kwasa an auna shekarunsa da dabarar kabon, wadda take dogara ga cewa wani nau'in sinadarin kabon da ke jikin duk mai rai yana raguwa da rabi a cikin kowace shekara 5,730 bayan mutuwa. Awon ya nuna tsakanin ƙarni na 5 da na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A lokacin, wannan yana cikin mafi tsufan shaidar narka tama da aka samu a Afirka kudu da Sahara, ya kuma buɗe muhawarar da har yanzu ba ta rufu ba, ko sana'ar ƙira daga arewa ta ƙetaro hamada, ko kuwa a nan aka ƙago ta. A 1970 Fagg da Stuart Fleming suka buga sakamakon wani awon dabam, wanda ake yi wa yumɓun kansa: a ɗebi ɗan gari daga jikin mutum-mutumi a zafafa shi, hasken da ya fitar ya nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashinsa na ƙarshe. Fagg ya tsaya a kan cewa al'adar Nok ta rayu daga wajen shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa wajen 200 bayanta.

Ƙarshen aikinsa

Shekarunsa na Okusfod ba su yi masa daɗi kamar na Jos ba. Ya ɗauki aniyar gina sabon gidan kayan tarihi mai siffar da'ira, da ƙubba ta gilashi a tsakiya wadda za a shuka itatuwan ƙasashe masu zafi a ƙarƙashinta, mashahurin injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi kuma ya zana fasalinsa. Kuɗin ba su samu ba, ginin bai tashi daga takarda ba. A 1968 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya raba shi da aikin daji. 'Yarsa Angela ta ɗauki gatarin, ta tona wani mazaunin mutanen Nok a Samun Dukiya. A 1975 ya ajiye aiki, a 1977 littafinsa mai suna Nok Terracottas ya fito.

Sunan da ya yi wa Nok ya jawo abin da bai nufa ba. Da kasuwar kayan tarihi ta Turai ta gane darajar waɗannan kawuna, sai ɓarayin kufai suka bazu, musamman a tsakiyar shekarun 1990, aka tone wurare bila adadin a kudancin Kaduna da kewaye, aka yi fataucin kayan zuwa waje. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Kayan Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda aka haramta saye da sayarwa, a shekarar kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce saboda waɗansu da aka baje a gidan Louvre na Faris. Awon hasken yumɓu da Fagg ya taimaka wajen jarrabawa ya koma takardar shaidar da dillalai ke nuna wa mai saye cewa kayan ba jabu ba ne. Kowane rami da ɓarawo ya tona ya maida kayan irin na yashin kuza, watau abin kallo wanda ba a san inda ya kwanta ba.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Farankfot ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da Hukumar Gidajen Kayan Tarihi ta Nijeriya, suka sake ɗaukar binciken Nok da kayan aikin zamani. Sun sa kowane kufai a taswirar kwamfuta ta hanyar na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, sun auna matsayin kowane guntun kasko kafin a ɗaga shi, sun yi awon kabon da yawa. Sakamakonsu ya gyara lissafin Fagg: mutanen Nok sun zauna a yankin tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, mutum-mutumin kuwa ya bayyana wajen 900. A 2021 aka buga wani bincike da ya sami sauran kakin zuma a jikin tukwanensu. Gyaran da aka yi masa gyara ne na ƙarin shekaru, bai taɓa ginshiƙin abin da ya kafa ba.

Zanen duwatsu ma ya sami nasa rabo. Launin da aka yi da jan ma'adini ba ya ɗauke da kabon, saboda haka awon da ya yi amfani a Taruga ba ya aiki a kansa kai tsaye, amma kwamfuta ta kawo wani taimako. A 2005 Jon Harman na Amurka ya fito da manhajar DStretch, wadda ya aro dabararta daga masu sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam. Takan ɗauki hoton bangon kogo ta ware launukan da suka yi kusa da juna ta ƙara musu tazara, har zanen da ya koɗe ya ɓace wa ido ya sake fitowa. Daga 2013 babban gidan kayan tarihi na Landan, inda William Fagg ya yi aiki, ya shiga tsara hotuna wajen 25,000 na zanen duwatsun Afirka, waɗanda ƙungiyar TARA ta Nairobi ta ɗauka, ya sa su a intanet, na Nijeriya ma suna ciki. Akwai kuma dabarar ɗaukar hotuna masu yawa na dutse ɗaya daga kowane gefe, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa cif, har a iya auna zurfin kowane ramin bugu. Wannan yana da muhimmanci domin abokan gaban zanen kogo suna da yawa: hayaƙin wutar da ake hurawa a ciki, da masu rubuta sunayensu a bango, da masu fasa dutse domin gini, waɗanda falle mai amo da marar amo duk ɗaya ne a wurinsu.

Bernard Fagg bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya rasu a Okusfod ran 14 ga Agusta 1987, yana da shekara 71. Takardunsa da hotunansa na duwatsun kiɗa sun rage a hannun matarsa Catherine, ta ci gaba da tattara rahotanni daga ƙasashe dabam-dabam, har a 1997 gidan Pitt Rivers ya buga littafinta mai suna Rock Music, shekara arba'in da biyu bayan ranar da mijinta ya buga dutse a Birnin Kudu.